Zazzaɓin Akwatin Don Rufino

Sha biyun rana a Iquitos,
kogi ya kwanta kamar mesar da ta ƙoshi,
kwanon rufi na ƙas-ƙas don zafi,
kwamfutar ofishin jirgin ruwa ta sake suma.
Karo na huɗu ke nan tun Litinin.

Fasinjoji sun yi layi har bakin matakala,
mai ayaba, mai kaji a kwando, mai ragar kwana a kafaɗa.
Don Rufino na fifita da damin tikiti:
Nelida, zo ki duba mini ita,
da safe lafiya lau, rana na take tsaka sai ta ɗauke wuta.

Na ɗora tafi a bayan akwatin
kamar uwa a goshin ɗa.
Zazzaɓi ne, ba sai an faɗa ba.
Na kunna, na leƙa ma'aunin cikinta,
lamba ta hau: saba'in, tamanin da uku, casa'in da shida,
allo ya yi baƙi ƙirin.

Noti huɗu, na zare murfi.
Ƙura ta shimfiɗa tabarma a haƙarƙarin ƙarfe,
gashin kyanwar ofis, fiffiken gara,
da ƙwan tsaka biyu a lungu, farare kamar ƙwayar magani.
Na hure, na goge da tsohon burushin haƙori,
na ce an gama.
Ba a gama ba. Casa'in da ɗaya.

To, a je tushe.
Na ɗaga ƙarfen da ke shan zafi,
ga ƙwaƙwalwar nan, ba ta fi akwatin ashana faɗi ba,
man da ke tsakaninsu ya bushe ya tsattsage
kamar lakar gaɓa bayan ruwa ya janye.
Auduga da sifirit, a hankali, har ta yi sheƙi,
sai ɗigon sabon mai, daidai ƙwayar shinkafa.
Ya yi yawa ɓarna, ya yi kaɗan ɓarna,
da kuɗin aljihuna na sayi wannan karatu.

Na mayar, na ɗaure, na kunna.
Tamanin da takwas, tana ta hawa.
Wata mata ta leƙo: jirgin Yurimaguas zai tashi yau kuwa?
Gumi ya sauka cikin idona.

Sai na yi abin da ya kamata tun farko,
na ajiye sukudireba, na kasa kunne.
Injin kwale-kwale can nesa. Kaza. Rediyon maƙwabci.
Cikin akwatin kuwa tsit.
Fanka ba ta juyi.
Na bi wayarta da yatsa kamar mai bin sawu,
ga bakinta a zare,
an ma naɗe ta tsaf da zaren fatsa.

Na ɗago kai. Don Rufino ya dubi silin.
Can ya ce: gurnani take, 'yata.
Tun rasuwar Ermelinda dare ya daina ba ni barci,
sai a kujerar nan bayan abincin rana,
ita kuwa gurrr, gurrr, kamar mai yi mini faɗa.

Ban ce uffan ba.
Na ɓare takardar cibiyar fanka,
man keken ɗinki ɗigo ɗaya,
na juya ta da yatsa har kukan ya mutu,
na mayar da waya mazauninta.

Arba'in da bakwai. Arba'in da shida. Ta tsaya nan.
Iska mai ɗumi na fita ta baya, babu ƙara.

Layi ya motsa, firinta ta fara tofo tikiti.
Ya miƙo kuɗi, na ɗauki rabi,
da ƙunshin shinkafa a ganye da ya ajiye wa kansa.
Ƙwan tsakan na ɗora su a saman taga.

Da yamma na sake biyowa ta bakin kogi,
jirgi ya tashi, matakala ba kowa.
Kansa a jingine da bango, bakinsa a buɗe,
kyanwa a cinyarsa,
fanka na ta juyi.